Daga bangon makaranta a Birnin Kebbi zuwa jerin WTA: yadda ake rainon 'yar wasan tanis

Ranar Babbar Sallar 2022 muna tsakar gida a Badariya, ana suyar nama, yara sun ja talabijin waje. Ons Jabeur ce ke buga wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, da Elena Rybakina. Ɗiyar ƙanwata, lokacin tana 'yar shekara tara, ta ajiye tsiren da ke hannunta ta ce, "Kawu, wagga mata Musulma ce?" Na ce Musulma ce, 'yar Tunisiya. Ta ce, "To ni ma shi nika so." Uwarta ta yi dariya ta ce in dai wasa ne ga 'yar gala-gala nan a ƙofar gida. Jabeur ta ci turmin farko ta sha kaye a biyun da suka biyo baya, amma yarinyar ba ta bar maganar ba, kuma da yake ni malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kaina kayan ya faɗo.

Abin da zan jera a nan shi ne hanyar kamar yadda take, da tsarin da ya kamata a bi ta. Mafi yawan iyayen da na gani sun fara ne daga wutsiya: a sayi raket mai tsada, a fara maganar turai, alhali takardar haihuwar yarinya ma ba ta nan.

Mataki na farko: yardar gida

A Kabi ba a fara wannan magana da koci, da uba ake farawa, sannan kaka, don sau da yawa ita ce mai hana ruwa gudu. Abubuwa uku za a tambaye ka: me za ta sa, wa zai koya mata, wa zai bi ta in an tashi tafiya. Kada ka je ba ka da amsar ukun.

Batun sutura ya fi sauƙi yanzu fiye da yadda mutane ke zato. Abin da suke gani a talabijin zaɓin 'yan wasa ne da kamfanonin da ke ɗinka musu kaya, dokar wasan ba ta ce sai gajeren siket ba. Tun 2019 hukumar WTA, mai kula da gasannin tanis na ƙwararrun mata a duniya, ta bayyana a dokarta cewa mace na iya buga wasa da dogon wando mai bin jiki. Yarinyarmu tana sa wandon motsa jiki, riga mai dogon hannu marar nauyi da ta sauko cinya, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya rufe mata ido in ta juya. Abin lura ɗaya: yadin ya zama mai shan iska. Na ga wadda aka ɗinka wa kaya da yadi mai kauri, kafin rabin awa jiri ya kwashe ta.

Surukina da farko cewa ya yi, "Malam, wanga wasa ba na 'ya'yan manya ba ne?" Na ba shi labarin Angella Okutoyi ta Kenya, marainiyar da kakarta ta rena cikin rashi, wadda a 2022 ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon. Na ba shi na Sania Mirza, Musulma 'yar Hyderabad ta Indiya, wadda ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu a 2015. Bai ce komai ba sai da na yi alkawarin cewa duk inda za ta, ko ni ko uwarta muna tare da ita, kuma Islamiyya ba za ta taɓu ba. Wannan alkawari ku ɗauke shi da gaske, domin shi ne zai ninka kuɗin kowace tafiya: kujera biyu a mota, kwano biyu, wani lokaci ɗaki biyu. Kuma ko ba don al'ada ba, yarinya ƙarama ba a sakar wa koci ita kaɗai, a kowace ƙasa.

Mataki na biyu: takarda kafin raket

Nan ne muka sha kunya, shi ya sa na sa shi gaba. Gasar yara ta tanis duka da shekaru ake raba ta: 'yan ƙasa da 12, da 14, da 16, da 18. Mun yi tafiyar yini guda zuwa wata gasa a wajen jiha, muka isa teburin rajista, sai mai duba takardu ta ɗora takardar haihuwa kusa da takardar makaranta. Ɗaya ta ce an haife ta wata shekara, ɗayar ta ƙara mata shekara guda, saboda malamin da ya cika fom a aji ɗaya kintata ya yi. Matar ta ce ba za ta sa ta cikin 'yan ƙasa da 12 ba. Muka yi magiya har muka gaji, aka tura ta rukunin sama, wata doguwar yarinya ta gama da ita kafin a kira azahar. A mota ba ta yi magana ba har muka wuce Kontagora.

Saboda haka: a karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a yi mata NIN, a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne harafi da harafi a makaranta, a NIN, a fasfo. In an rubuta Aisha a nan, kada a rubuta A'ishatu a can. Kuma duk wanda ya ba ku shawarar rage mata shekaru don ta yi ta cin ƙananan yara, ku gode masa ku wuce. Kofin 'yan ƙasa da 12 ba ya sayen ko buhun shinkafa, ƙaryar kuwa za ta bi ta har ranar da jami'ar waje za ta nemi takardunta.

Mataki na uku: bango, ƙwallo mai laushi, raket daidai hannu

Cikakken fili tsawonsa mita 23.77, faɗinsa 8.23 in mutum ɗaya-ɗaya ne, 10.97 in bibbiyu ne, raga kuma a tsakiya tsayinta bai kai mita ɗaya ba, santimita 91 da ɗoriya. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta da abin yi da wannan fili. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta kasa koyon yara kashi uku da launin ƙwallo. Ja ita ce mafi laushi, ta 'yan shekara biyar zuwa takwas, a fili mai tsawon mita 11. Ruwan lemo ta biyo baya a fili mai mita 18. Sai mai ɗigon kore a cikakken fili, kafin a kai ga rawaya ta manya. Dalilin a bayyane yake: ƙwallon manya tana tashi sama da kan yaro, sai ya koyi riƙon raket a karkace don ya kai gare ta, kuma wannan riƙon sai an sha wuya kafin a raba shi da shi.

Raket ma haka. Ta manya inci 27 ce. Ta yara tana farawa daga 19, 21, 23, 25. A tsayar da yarinya ta riƙe raket ta sake hannu: in kan ya taɓa ƙasa yana ja, ta yi mata tsawo. Ta gwanjo mai kyau ta fi sabuwar roba ta shagon kayan wasan yara.

Mita 11 kuwa ai farfajiyar kowace makaranta tana da shi. Alli ko gawayi, igiya tsakanin kujeru biyu, an yi fili. Mu bangon bayan ɗakin gwaje-gwaje muka samu, na ja layi da fenti daidai tsayin raga, na share tsakuwa daga simintin gabansa. Bango ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya neman kuɗin mota. Ta fara da buga goma a jere ba faɗuwa, sai ashirin, sai hamsin, da cikin hannu sannan da bayan hannu. Ina da littafin da take rubuta adadin kowace rana da hannunta. Venus da Serena Williams ma a filayen gwamnati na unguwar Compton uban ya fara da su.

Takalmi shi ne abin da ba a yi wa rowa. Siminti yana cin tafin takalmi, kuma takalmin gudu ba ya riƙe idon sawu in an yi gefe da sauri.

Mataki na huɗu: koci, da lokacin rana

Bango zai kai ta wani wuri ya tsaya. Bugun sabis musamman, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, sai da mai gani a gefe. Hanyar neman koci ita ce ta ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, da manyan makarantu, da barikoki da kulob-kulob na ma'aikata, don nan ne aka saba samun fili da tsofaffin 'yan wasa. In ka samu, ka zauna ka kalli darasi guda kafin ka biya. Ka ƙirga sau nawa yarinya ta taɓa ƙwallo a cikin awa. In layi yara ke yi kowa ya buga ɗaya ya koma baya, kocin kuma yana latsa waya, nemi wani. Ka tambaye shi ko yana da shaidar horarwa ta Hukumar Tanis ta Nijeriya. Wayar hannu ma koci ce: a ɗauki hoton sabis ɗinta daga baya da gefe, a tura wa wanda ya sani ko da yana Kaduna.

Kafin shekara 12 kada a tsare ta a tanis kaɗai. Tsallen igiya, langa, guje-guje, jifa. Yarinyar da ta iya jifan mangwaro da dutse ta riga ta san rabin sabis, motsin kafaɗar ɗaya ne.

Zafin Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu ya wuce digiri 40, siminti kuma ya fi iska zafi. Lokacin horo biyu ne kawai: bayan asuba kafin makaranta, ko bayan la'asar sakaliya. Ruwa a kowane hutu, ba sai ta ji ƙishi ba, in zufa ta yi yawa a haɗa da ruwan gishiri da sukari. Ko manyan 'yan wasa dokar WTA ta ba su hutun minti goma kafin turmi na uku in zafi ya kai wani mizani. Da hunturu ƙura ce matsala, tana sa fili santsi, sai an share kafin a fara. Da azumi muna rage nauyi, mu koma gyaran hannu kusa da magariba. In ta fara al'ada a kula da jini: hanta, wake, zogale, kifi, wanda dai ba mu rasa shi ba a ƙasar Argungu da Yauri.

Mataki na biyar: gasa a gida

Ta koyi lissafi tukuna, don a gasar yara galibi 'yan wasa ne ke kiran makinsu da kansu: 15, 30, 40, wasa. Wasa shida da ratar biyu shi ne turmi, in an yi shida-shida a buga raba-gardama zuwa maki bakwai. Mata turmi uku suke yi, kamar dambe, mai biyu ta yi nasara. Ta koyi faɗin maki da ƙarfi kafin kowane sabis. Yaranmu kunya ke sa su yi shiru a cuce su.

Matakalar gida ita ce gasar makarantu, sai a shiga tawagar jiha zuwa gasar matasa ta ƙasa wadda ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce, sai gasannin yara na Hukumar Tanis ta Nijeriya. Babban Bankin Nijeriya ya daɗe yana ɗaukar nauyin gasar yara da ta manya. Kano na da gasar Dala, wadda ta fi mana kusa, Abuja na da cibiyar tanis ta ƙasa a filin wasa na Moshood Abiola, Legas na da kulob ɗin Onikan. Shawarata a shekarun farko: gasa uku ko huɗu da aka shirya musu da kyau sun fi goma da aka je a gajiye. Hanyar Yauri zuwa Kontagora da ta Gusau zuwa Funtuwa ba a bin su da dare, a isa kwana guda kafin a fara.

Za ta sha kaye da yawa. A gasa mai mutum 32, mutum 31 da kaye za su koma gida. A mota kada a yi mata bitar kurakurai, a bari sai gobe.

Mataki na shida: daga 13 zuwa 18

Da ta cika 13 tana iya shiga gasannin matasa na ITF. Ana buɗe mata lambar rajista ta intanet da ake kira IPIN, da ita ake shiga kowace gasa, kuma akwai ranar rufe rajista da ranar janyewa, wanda ya saɓa a ci shi tara. Gasannin hawa-hawa ne: J30, J60, J100, J200, J300, J500, lambar tana nuna makin da zakara ke samu. A fara da J30 na Abuja da na maƙwabta kamar Togo, Benin da Ghana, inda fasfon ECOWAS da katin rigakafin shawara suka isa ba sai biza ba. Wadda ta yi fice a nan ce hukumar ƙasa ke kaiwa gasar matasan Afirka, daga can kuma ITF kan ɗauki wasu zuwa cibiyar horo. Ta wannan ƙofa Oyinlomo Quadre ta Nijeriya ta je Maroko. Jabeur kanta ta bar gidansu a Sousse ta koma makarantar wasanni a Tunis tana yarinya, ta ci kofin matasa na Roland Garros, babbar gasar Faransa, a 2011, amma sai 2022 ta kai ta biyu a duniya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakani, ga wadda ƙasarta ke cike da filaye.

Gasar manya tana da shingen shekaru. Ƙasa da 14 ba a shiga. Mai 14 gasa takwas aka yarje mata a shekara, mai 15 goma, mai 16 sha biyu, mai 17 sha shida, sai ta cika 18 a sake ta. An kafa wannan ne bayan an ga yadda aka ƙona yara irin su Jennifer Capriati da wuri.

Mataki na bakwai: mararraba

Ga inda nake so iyaye su buɗe ido. Ƙasan matakalar manya ita ce W15, ma'ana dala 15,000 ce za a raba wa kowa da kowa. Zakara tana tashi da dala dubu biyu da 'yan ɗari, wadda aka fitar a zagayen farko ba ta samun ko 200. Kuma wuraren da ake yin irin wannan gasa kusan kowane mako su ne Monastir a Tunisiya, Sharm El Sheikh a Masar, Antalya a Turkiyya. A lissafa jirgi, biza, otal, abinci, gyaran igiyar raket, sannan a ninka biyu saboda mai rakiya. Ko ta ci kofin, da ƙyar a mayar da uwar kuɗi. Daga nan sai W35, W50, W75, W100, sannan gasannin WTA na 125, 250, 500, 1000, sannan manyan huɗu: Ostireliya a Janairu, Faransa a ƙarshen Mayu, Wimbledon, sai Amurka a ƙarshen Agusta. Sunanta ba zai fito a jerin WTA ba sai ta samu maki a gasa uku, ko maki goma a gasa ɗaya, kuma kowane maki mako 52 yake yi ya goge. Wanda bai fita ya kare makinsa ba, ya zame.

Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayar da fadama don wannan ba. Ƙofar da na fi yarda da ita ita ce jami'a. Jami'o'in Amurka suna ba 'yan wasan tanis mata gurbin karatu kyauta, da koci da fili da tafiye-tafiye. Mayar Sherif ta Masar ta bi ta jami'ar Pepperdine, ta fito ta ci kofin WTA a Parma a 2022, ta kai ta 31 a duniya a 2023. Okutoyi ta tafi jami'ar Auburn, tana can ta ci zinare a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. Abin da kociyoyin can ke dubawa shi ne matsayinta a jerin matasa, hoton bidiyon cikakken wasa wanda ba a yanke kurakurai ba, sakamakon WAEC mai kyau, da Turanci. Shi ya sa duk kocin da ya ce a cire yarinya daga makaranta don ta ƙara awannin horo, ya rufe mata babbar ƙofa ya bar ta da taga. A kuma kiyaye sa hannu a takardar dillali ko karɓar kuɗin gasa ba tare da an tambayi dokar jami'o'in ba, yana iya ɓata mata cancanta. In waje bai yiwu ba, jami'o'inmu na da gasar NUGA, akwai tawagar ƙasa ta kofin Billie Jean King, wato gasar mata tsakanin ƙasashe, akwai aikin koci da alƙalanci. Mace koci a Kabi yau ba za ta rasa ɗalibai ba, don iyaye da yawa ita suke jira.

Mataki na takwas: kemis da 'yan caca

Da ta shiga gasar ITF, duk abin da aka samu a fitsarinta ita ce da alhaki, ko wa ya ba ta. Tramadol na cikin haramtattun magunguna lokacin gasa tun Janairun 2024. Wasu magungunan mura da na asma ma sai an duba. Maria Sharapova ta yi wata 15 a dakace saboda wani magani mai suna meldonium, Iga Swiatek ta yi wata guda a 2024 saboda maganin barci da ya gurɓata. Mu da muka saba aiken yaro kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba ciki ba, sai mun canja hali: kowane magani likita ya rubuta, a ajiye kwalin. In kuma wani ya turo saƙo ta WhatsApp yana tayin kuɗi don ta saki turmi ɗaya, doka ta wajabta a kai rahoto ga ITIA, hukumar da ke yaƙi da maguɗi a tanis. Yin shiru kansa laifi ne.

Mataki na tara: maganar aure

Za a tayar da ita, gara a tayar da wuri. Kakar yarinyar ce ta tare ni da ita: "Kai Malam, in ta yi ta yawon ƙwallo wa za ya aure ta?" Na ce mata mijin Jabeur, Karim Kamoun, shi ne mai horar da ita motsa jiki, tare suke tafiya. Kim Clijsters ta ci gasar Amurka a 2009 da ɗiyarta a fili. Tatjana Maria, wadda Jabeur ta doke a kusa da ƙarshe a waccan Wimbledon ɗin, uwar 'ya'ya biyu ce. WTA tana adana wa mai jego matsayinta don ta dawo da shi, kuma a 2025 ta fara biyan hutun haihuwa har wata 12. Tsohuwa ta ce ita dai a kawo mata mijin ta gani tukuna.

Yanzu takardun yarinyar sun zama ɗaya, fasfo ya fito, littafinta na bango ya kai buga 140 a jere. Sabis na biyu, wanda ake bugawa in na farko ya kuskure, shi ne har yanzu ke faɗa mata a raga in ta tsorata, shi muke yi kowace safiya, kwando biyu, kafin mai gadi ya buga ƙararrawa.